Wasiƙu Uku a Shagon Alhaji Ilu

Zuwaira, Habibu, na san har yau in aka ambaci Alhaji Ilu a gabanku sai ku haɗe rai. Ke Zuwaira ko gishiri kin daina saye a shagonsa. Kai kuma Habibu, ranar sallah ka miƙa masa hannu kana kallon bango, kana tsammanin ban lura ba. Saboda shi nake rubuta wannan babin. Kun san rabin labarin, rabin da kuka sani kuwa shi ne mai sa fushi, don haka ku zauna ku ji sauran.

Ina da shekara hamsin da tara na ajiye tuƙin tasi. Bayana ne ya fara gajiya, amma ba shi ne ainihin dalili ba. Uwarku ce. Ranar da na ɗauko ta daga Maraɗi na ce mata shekara biyar za mu yi a New York mu koma. Ta haife ku a nan, ta yaye ku, ta aurar da Zuwaira, shekara biyar ɗin ba ta cika ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk shekara, ranar da sanyi ya fara shigowa ta ƙasan taga, za ta ɗauko barguna tana cewa, “Malam, biyar ɗin taka doguwa ce.” Da ɗakunan da nake ginawa a gida suka samu rufi, sai na ga ba ni da sauran uzuri.

Abu ɗaya ne ya riƙe mini ƙafa, shi ne idona. Wajen gwajin sabunta lasisi aka gano ina da hawan jinin ido. Kun san halina, ba a gaya mini abu in tafi ban ji yadda yake aiki ba. Sai da na sa likitar ta zana mini a takarda. Ta ce akwai ruwan da ke shiga ido yana fita ta wata 'yar magudana, tawa ta fara toshewa, ruwan yana danne jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ya ci ba ya dawowa. Maganin shi ne ɗigo safe da yamma, da awo duk bayan 'yan watanni. Duk wannan katin lafiya na gwamnatin jiha ne yake ɗauke mini, wanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Katin tsofaffi sai mutum ya kai sittin da biyar. Tsakanina da shi shekara shida, kuma na yi niyyar in yi su a ƙarƙashin inuwar gidana, in riƙa leƙowa ana duba ni ina komawa. Ba ni na fara ba, haka na ga mutanenmu da yawa suna yi.

To mai kati dole ya kasance da adireshi, nan Alhaji Ilu ya shigo. Ku a wurinku tsoho ne mai sayar da gero da daddawa a Harlem. Mu a wurinmu shi ne maigida. Duk wanda ya sauka daga Nijar a zamaninmu, da lambar shagonsa ya sauka a aljihu. Shi ya nuna mini jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ya ara mini rigar sanyi ta farko. A bayan kantarsa akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe irin ta amare, cike da wasiƙun mutanen da suka tafi gida. Kowa da ɗaurinsa, an ɗaure da roba, an rubuta sunansa da ajami a guntun kwali. Ban taɓa jin takardar wani ta ɓata ba, ban kuma taɓa jin ya buɗe ta wani ba. Da wannan muke alfahari da shi, har mukan ce da 'yan Gana su nuna mana nasu irinsa.

Za ki ce, Zuwaira, me ya hana ni ba da adireshinki na Soundview? Kin tambaye ni sau da yawa ina kauce miki. Kunya ce. Gidan nan na Nasiru ne, surukina. Ban ga yadda zan liƙa sunana a akwatin wasiƙar mijin 'yata ba, yana dawowa daga aiki yana kwaso mini takardu kamar ɗan aike. Ku abin dariya ne a wurinku, ni kuwa a lokacin ko a raina ban kawo ba.

Muka tafi. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar wannan zaman ba. Uwarku ta koma yarinya. Matar da kuka sani mai magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabtan bene su ji, sai ga ta tana kiran ƙawarta daga wannan katanga zuwa waccan. Ta sa kaji, ta shuka zogale. Ni kuma na samu abin bincike: ɗaya daga cikin magungunan ba ya son zafi, wuta kuma tana zuwa ne lokacin da ta ga dama. Na gwada wurare har na gano jiƙaƙƙen yashin gindin randa ya fi ko'ina sanyi, can na riƙa binne kwalbar a cikin leda. Uwarku ce take ɗiga mini, domin ni in na ɗiga rabi a kumatu yake sauka. Sau biyu na leƙo New York, kati ya yi aiki lami lafiya, aka duba ni na koma. Lokacin ana fita daga shekarun korona ne, ba wanda ya aiko yana tambayar komai, sai na ɗauka haka abin yake.

Zuwa na uku ne na jinkirta. Na yi shuka a gonar mahaifina, karo na farko tun ina saurayi, ina son in ga geron da idona. Da maganin ya ƙare na sayi wanda na samu a kantin magani, wani lokaci irinsa, wani lokaci ɗan'uwansa. A tsakiyar damina na kira Alhaji mu gaisa.

“Alhaji, akwai wasiƙa?”

“Akwai, Isa. Ukku. Suna nan lahiya lau, ko ƙura ba ta taɓa su ba.”

“Na mi ne?”

“To ni ina na sani? Naka ne. In ka taho ka gani.”

Na yi masa godiya na kashe waya. Na sha komawa kan wannan hirar ina juya ta. Ni da nake tambayar yadda injin wankin mota yake aiki, ni da na taɓa tsayar da fasinja ya bayyana mini dalilin da ya sa tururi ke fita daga ƙarƙashin titi, ban ce, “Alhaji, ba wani ya buɗe ya karanta mini” ba. Ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba. Wasiƙa ajiya ce, ajiya kuwa jiran mai ita take yi.

Bayan 'yan makonni na fara bugun ƙyauren ɗaki da kafaɗar hagu. Na farko na zargi kafinta. Na biyu na zargi kaina da gaggawa. Wata safiya akuya ta wuce ta haguna, sai da ta zo gabana sannan na gan ta. Na tsaya tsakar gida na rufe idon dama da tafin hannu, na kalli zogalen uwarku. Rabinsa babu. Ba duhu na gani ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki, babu ne kawai, kamar ba a taɓa shuka komai a wurin ba. Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa, har uwarku ta fito daga madafa ta ce me nake yi haka kamar mai wasa da yara. Likitan da na gani a Maraɗi mutumin kirki ne, bai ja ni da nisa ba. Ya ce awon ya hau sosai, ɗigo ya daina isa, sai aiki, kuma tunda likitocin New York masu dosiyena, wato fayil ɗina, suna da na'urar, kada in kwana biyu. Na bar gero yana fitar da kai na hau jirgi ni kaɗai.

A asibiti yarinyar da ke karɓar mutane ta duba katin, ta duba kwamfuta, ta ce an rufe shi. Na ce wa ya rufe? Ta ce ita dai abin da ta gani ke nan, ai an aika mini wasiƙa. Daga nan shagon Alhaji na nufa. Ya rungume ni, ya sa aka kawo shayi, sannan ya durƙusa ya buɗe akwatin ya miƙo mini ɗaurina da hannu biyu, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya sauke nauyi. Ke kika karanta mini su a teburinki, Zuwaira. Ta farko ta ce in cike fom in tabbatar ina nan. Ta biyu ta ce ana tuna mini. Ta uku ta ce tunda ban amsa ba, an rufe. Kika buga tebur, kika yi ta faɗa da Turanci, kina cewa wane irin mutum ne zai zauna a kan takardar asibiti wata da watanni. Ni kuwa ina juya ambulan ɗin ina mamakin tsabtarsu.

Wadda ta warware mini abin ita ce Hajiya Memuna, maƙwabciyarki 'yar Kumasi, wadda ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na tambaye ta wace sabuwar doka aka kawo.

“Alaji, dokan ba sabo ba ne kraa,” in ji ta. “Barci ya yi lokacin korona, yanzu ya tashi. Da sun bar kowa, ba tambaya. Yanzu kowane shekara za su aiko fom: kana nan ko ba ka nan? Katin na wanda yana zaune a nan ne. In ka je ofis ka ce Harlem, ka kulle bakinka. Kai kana son tambaya paa.”

Na yi mata alkawari, amma bakin bai kullu ba. Ma'aikaciyar da na samu a ofishin dattijuwa ce mai tabarau a wuya. Ta ce a ina nake zaune. Na ce me take nufi da zaune? Ba don wayo na tambaya ba, wallahi so nake in sani. Ta cire hannu daga kwamfuta ta dube ni, ta ce inda nake kwana, inda tufafina suke, inda nake da niyyar ci gaba da zama. Shekara kusan talatin ina kwana a New York da niyyar Maraɗi, ba wanda ya tambaye ni niyyata. Yanzu da na kai tufafina inda niyyar take, sai ga shi an tambaya. Na ce mata Harlem, muryata ba ta fita sosai ba. Ta ce to, tunda ba ni da takardar haya da sunana, in kawo wasiƙa daga mai adireshin, ya sa hannu cewa a wurinsa nake zaune.

Na fito ina ganin abin ya zo da sauƙi. Habibu ya buga mini wasiƙar, layi uku. Na kai wa Alhaji bayan la'asar, shago ba kowa. Ya karɓi biro, har ya ɗora a kan takardar, sai ya ɗaga kai.

“Karanta mini. Mi ta ce?”

“Ta ce nan nike zaune, wurinka.”

“Zaune kamar yaya?”

“Nan nike kwana.”

Ya waiga ya dubi shagon, daga buhunan gero har firjin lemo.

“Ina? Bisa buhu?”

“Alhaji, papiye ne kawai, 'yar takarda. Kowa haka shika yi.”

Ya ajiye biron a hankali. “Isa, wasiƙa anka ce in aje, na aje. Ban taɓa hwaɗa ma kowa kana kwana nan ba. Tun da ni zo garin ga ban buɗe takardar mutum ba don ina tsoron Allah. Yau in sa hannuna bisa ƙarya?”

“Idona fa, Alhaji. Idona na tahiya.”

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji ta. Wannan kun sani, domin da fushina na dawo na gaya muku ya ƙi. Abin da ban gaya muku ba shi ne abin da ya biyo baya. Tsohon nan ya zagayo kanta ya kama hannuna, idanunsa sun kawo ruwa.

“Na sani, ƙanena. Taho gidana. In hidda katihwata in ba ka, ni in kwana zaure. Kawo kayanka ka zamna da gaske, gobe da sahe in sa hannu ko sau goma ne.”

Na fizge hannuna na fita. Ban faɗa muku wannan ba saboda in na faɗa, fushin nawa ba shi da wurin zama, ni kuma a lokacin ina bukatar wanda zan ɗora wa laifi.

Kwana uku ina yawo da abin a raina. Na hau jirgi mai lamba shida daga Soundview har ƙarshen layi na dawo, ina rufe ido ɗaya ina buɗewa, ina auna abin da ya rage. A hankali fushin ya koma tambaya, kamar yadda komai yake zame mini. Me nake so Alhaji ya zama? Mutumin da ya ƙi buɗe wasiƙata shi ne dai mutumin da ya ƙi sa hannu, hali ɗaya ne. Don wannan halin muka ba shi fasfo ɗinmu da takardun aurenmu muka yi barci. Ina son ya riƙe gaskiya shekara talatin, ranar da ta zo kaina kuma ya sake ta. Sannan na lura da wani abu da ya ba ni dariya a cikin jirgi har wata mata ta matsa: dattijuwar ofis da Alhaji Ilu ba su taɓa haɗuwa ba, ba sa jin yaren juna, amma tambaya ɗaya suka yi mini. A ina kake kwana?

Sai na ba su amsar da za ta zama gaskiya. Ban tafi gidan Alhaji ba, domin da Nasiru ya ji zancen rantsuwa ya yi cewa surukinsa ba zai kwana a gidan wani ba yana da ɗaki. Kunyar da na guje wa a akwatin wasiƙa sai ga ni a cikinta tsundum. Kin tuna watannin farko, Zuwaira. Lungun gidanki ba ya ɗaukar mutum biyu, amma duk safiya sai Nasiru ya durƙusa a ciki ya gaishe ni, “Baba, an tashi lafiya?”, ni ina manne da bango ina amsawa, yara suna jira a baya da jakunkunan makaranta. Ba na iya cin abinci yana wurin, shi ma ba ya iyawa, har kika fara raba mana lokaci kamar masu canjin aiki. Nasiru ne ya sa hannu a wasiƙar, kuma kowace kalma a cikinta gaskiya ce.

Katin ya dawo bayan 'yan makonni, aka yi aikin. Idon dama ya tsira. Na hagu ya tsaya inda ya kai, rabin nan bai dawo ba. Na tambayi likitar kai tsaye ko jiran kati ne ya ci shi. Ta duba awon baya da na yanzu, ta ce makonnin jira ba su taimaka ba, amma yawancin ɓarnar ta riga ta faru tun kafin in hau jirgi. Watannin da na ƙara ne a gida. Ku rubuta wannan a inda ba za ku manta ba: ba akwatin Alhaji ce ta ci idona ba, gonar gero ce, kuma ni na zaɓa. Ta ƙara da cewa daga yanzu awo zai zama kusa-kusa, ba irin na mai zuwa daga wata ƙasa ba. Na ce in na kai sittin da biyar fa? Ta ce ciwon bai san shekaru ba, katin tsofaffin ma a cikin ƙasar nan yake aiki.

Saura uwarku. Na yi kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Da na kira, da hantsi ne a nan, ina jin kajinta a bayan muryarta. Na gaya mata komai, ban rage ba. Da na gama sai ta tambaye ni.

“Shekara nawa wannan karon, Malam?”

“Likita ba ta ce ba. Ni ma ba ni ƙara sa miki lamba.” Na ƙara da cewa, “Ki zamna. Gidanki ne, kin jira shi. Ni in riƙa zuwa in an bar ni.”

“Wa ka ɗiga maka magani?”

“Ni.”

“A kumatu.”

Ta ce in bar ta ta ga an yanke gero, sai ta kashe wayar. Ban san me take nufi ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambaya ba. Wannan ce tambaya ɗaya a rayuwata da na ji tsoron amsarta.

An yanke gero, ta raba kajin ga maƙwabta, ta ba ƙanena makullin gida. Ranar da ta sauka kai ka tuƙa mu, Habibu. Ta fito da akwati ɗaya, ta gaishe ku, ta tsaya ta dube ni sosai, ta tambayi wanne idon ne. Na nuna mata. Ta zagaya ta tsaya a haguna, muka nufi mota.

Tun ranar a nan take tafiya. In za mu asibiti, in za mu masallaci, in za mu tsallaka titi, tana gefen da ba na gani, ita ce ke tsakanina da kekuna da sandunan fitila. Ina jin takunta, ina jin ƙamshin turarenta, wani lokaci gefen mayafinta yana taɓa hannuna. Amma fuskarta ba na gani. Ku da kuke tahowa ta gabanmu kun san yadda take kallon garin nan da na dawo da ita. Ni ban sani ba, kuma ina roƙonku kada ku gaya mini.